Rigar Rimot

Ina tsakiyar kafa hannun wata riga Mama ta ɗaga labulen ƙofata ba ko sallama, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara tara da muka yi muna maƙwabtaka. Ɗankwalinta ya zame baya, ta riƙo rimot da yatsu biyu nesa da jikinta.

"Tela, taso ki gani. Abin nan ya juye mana."

Na bar allura a cikin yadi na bi ta. Tsakanin ƙofata da tasu taku huɗu ne, a hawa na biyu, igiyar shanya ma ɗaya muke amfani da ita. Ina tura ƙofar ɗakin zafi ya mare ni a fuska. Rana tsaka ce a watan zafi, tagogi a rufe ruf, ga esi ɗin da aka maƙala musu can sama kusa da silin kwana biyar da suka wuce don ya sanyaya ɗaki, yana ta huro iska mai zafi iya ƙarfinsa. Baba Direba yana jingine da filo uku, singiletinsa ta jiƙe sharkaf, numfashinsa sama-sama. Wai kuma a haka dariya yake yi.

"Kwandasta ta sa mana ribas," in ji shi.

Haka yake kiran matarsa tun zamanin da yake jan doguwar motar fasinja, duk da ita ko sau ɗaya ba ta taɓa tsayawa a ƙofar mota ba. Ni dai ban ga abin dariya ba. Na wage tagogin duka biyu, na karɓi rimot ɗin na duba. A ɗan gilashinsa ga hoton rana, ga lamba talatin. Ba wata gwana ba ce ni, amma akwai irinsa a shagon da nake sayen yadi, na sha ganin mai shagon yana dannawa. Na nuna shi saitin esi ɗin, na yi ta danna maɓallin da ke sauya aiki har hoton rana ya tafi, na ƙanƙara ya zo, na sauko da lambar zuwa ashirin da biyar. Ya yi 'yar ƙara, tit, sai ya yi tsit, ba zafi ba sanyi. Na ce shi ke nan na ƙarasa lalata musu esi. Baba ya ɗaga hannu ya ce in ba shi minti uku, babu injin da za a juya shi nan take ya yarda. Ai kuwa can sai muka ji injinsa na waje, wanda ke rataye a bangon baranda, ya kama gurnani. Muka mayar da tagogi muka rufe.

Mama ta zauna bakin gado tana goge masa wuya da tawul, tana ba ni labari ba ta kalle ni ba. Ƙafafunsa ta taɓa ta ji sun yi sanyi, ta ce bari ta ɗan rage masa, yatsanta ya sauka a kan maɓallin da ke kusa da wanda take nema. Daga nan ta rikice, ta danna wannan ta danna wancan. Ban ga laifinta ba. Maɓalli goma sha huɗu ne a jikin abin, duk girmansu ɗaya, rubutun da ke kansu ni da nake zura zare a allura ba tabarau ma sai na ƙanƙance ido. Ita kuwa yanar ido ta rufe mata ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo.

Da ta gama ta kama hannuna ta ce, "Don Allah kada Manaja ya ji."

Manaja babban ɗansu ne. Tun yana ɗan firamare aka laƙaba masa sunan, saboda shi ke tsara wa ƙannensa wanda zai fara wanka da wanda zai yi shara, ya girma kuma bai canza hali ba. Da likita ya ce zuciyar Baba ta gaji, ba sauran abin da za a yi mata a asibiti sai lallaɓawa a gida, kuma zafi ne babban abin da za a kiyaye, a ranar Manaja ya gyara ɗaki a gidansa can ƙarshen gari, ya sa gado mai ɗagawa, ya zo ɗaukar su. Baba ya kafe ya ce ba inda za shi. Shekara arba'in da ɗaya yana ɗakin nan, a nan 'ya'yansa biyar suka yi rarrafe, ya ce ya kai mutane garuruwa ba adadi, shi dai a bar shi ya sauka a inda ya saba sauka. Aka yi ta ja-in-ja har ina jiyo su ta bango. Daga ƙarshe Manaja ya sa aka haɗa esi ɗin, ya kuma gindaya sharaɗi. Muddin ya zo ya tarar da ɗakin da zafi, ba zai ƙara sauraron kowa ba, cicciɓar tsohon zai yi ya sa a mota. Ya riga ya tarar sau ɗaya, lokacin da Mama ta mayar da abin fanka zalla ba ta sani ba, ya ce wannan ya yafe. Ranar Lahadi zai dawo, kuma Mama ce za ta kashe ta kunna a gabansa da hannunta, tunda ita ke kwana take wuni da shi. Ranar da ta shigo ɗakina kuwa Talata ce.

Na ɗauka abu ne na rabin awa. Kwana uku na yi ina koya wa Mama, ɗinkin mutane yana jibge yana jirana. Baba ba ya iya riƙe abin, yatsunsa sun kumbura, hannun yana karkarwa, amma baki yana nan garau, kuma ya riga ya mayar da esi ɗin mota. Ba ya yarda a kunna a tsunduma cikin sanyi kai tsaye. Da sassafe a kashe, a buɗe taga ɗaki ya sha iska. Ƙarfe tara, kafin rana ta dafa bangon gabas, a rufe ko'ina, a tayar da ita a kan ashirin da takwas, a bar ta har injin waje ya kama. Sannan a riƙa saukowa da lamba ɗaya-ɗaya kamar mai sa giya. Sai ya ce "Ɗaya" a danna, a jira, ya sake cewa "Ɗaya," har ashirin da biyar. Da yamma kuma a koma sama a haka. Na ce masa wanda ya haɗa bai faɗi wannan doka ba. Ya tambaye ni shekarun mai haɗawar nawa, ya taɓa riƙe inji shekara ashirin ba a sauke shi ba?

Mama ta haddace duk wannan tun ranar farko. Kai ya sani, yatsa ne yake ba ta kunya. Na ɗiga jan farce a kan maɓallan da take buƙata, ba ta gani. Na manna filasta a kan sauran, ta ɗaye, wanda bai ɗaye ba kuma yana dannuwa ta ƙasa. Ranar Alhamis da ta sake kai mu hoton ɗigon ruwa maimakon na ƙanƙara karo na uku, raina ya ɓaci. Kowa a gidan nan ya san ni da saurin fushi, amma ban taɓa ɗaga wa Mama murya ba sai ranar. Na ce haba Mama, sau nawa zan nuna miki abu ɗaya?

Ta ajiye rimot ɗin a cinyata a hankali, ta gyara zama.

"'Ya'ya biyar na raina a ɗakin nan, ba a taɓa samuna da gazawa ba," ta ce. "Yau ga 'yar roba za ta fitar min da shi."

Baba ya juyar da fuskarsa bango. Wallahi kunya ta kama ni, na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Na ba ta haƙuri, na tashi na koma ɗakina na zauna gaban keke ina jin haushin kaina. Ina zaune ina kallon kwandon ƙyallaye sai idona ya sauka a kan wani guntun yadi mai kauri, ragowar wandon wani makaniki. Na ce to, ni ba malamar makaranta ba ce, koyarwa ta fi ƙarfina. Abin da na iya shi ne in rufe abin da ba a so a gani, in fito da abin da ake so. Na koma na auno rimot ɗin da tef kamar yadda nake auna kafaɗar mutum.

Riga na ɗinka masa. Na sa kwali mai tauri a tsakanin yadi biyu yadda ko an danna ba zai kai ga abin da ke ƙasa ba. Na huda rami uku kacal, na bi bakinsu da zare: babba na kunnawa da kashewa, na ƙara lamba mai ƙulli ɗaya a gefensa, na rage lamba mai ƙulli biyu, don yatsa ya gane ko ido bai gani ba. Na bar taga a kan gilashin. Na sa ɗan zif a baya saboda canza batir. Saman kuwa na ninke shi na bi da ɗinki layi biyu, tsaf, domin ni a rayuwata ba na ƙaunar baki a sake. Da na gama ranar Asabar da safe na ɗaga shi ina juyawa, har ina cewa a raina kamfanin da ya ƙera abin ma ya kamata ya zo ya koyi aiki a wurina.

Na tarar Baba yana barci, esi ɗin yana aiki, tun da safe na shigo na tayar musu. Muka zura wa rimot rigarsa. Mama ta shafa, ta lalubo ƙulli ɗaya, ta lalubo biyu, ta danna, ina kallon lamba tana hawa tana sauka a gilashi daidai yadda ake so. Sau goma ba kuskure. Ta rufe baki tana dariya ƙasa-ƙasa don kada ta tashe shi, ta ce Allah ya yi mini albarka, ya ba ni masu yi mini. Muna cikin murna muka ji takalmi a matakala. Manaja ne, ya ce gobe yana da taro shi ya sa ya zo yau.

Ya gaishe mu, ya tsugunna gaban gado ya gai da mahaifinsa da ya farka, ya ɗaga bargo yana latsa ƙafafun yana duba kumburin. Ba tare da ya ɗago ba ya ce Mama ta kashe ta kunna ya gani. Mama ta miƙe da ƙarfin gwiwarta, ta nuna hannu sama, ta danna babban ramin. Gilashin rimot ya mutu. Esi ɗin ko gezau, ya ci gaba da hura iskarsa. Ta sake dannawa, lamba ta dawo, shi kuwa ko tit bai ce ba. Sai a lokacin na tuna duk dannawar da muka yi ɗazu ban ji ƙarar nan ko sau ɗaya ba, gilashi kawai nake kallo ina yabon kaina.

Manaja ya fara ɗagowa ke nan Baba ya dafa kansa.

"Motarka tana kuka. Na ji ta tun daga kwana, bel ɗinta ya saki. Sauka ka buɗe bonet ka tayar da ita in ji."

Manaja ya ce lafiyarta ƙalau. Baba ya sha mur ya ce shi za a gaya wa lafiyar mota? Mutum ne mai furfura a gemu, mai ba ma'aikata umarni a ofis, amma ya tashi sumui-sumui ya fita. Ƙofa na rufuwa Baba ya kalle ni.

"Tela, kin ɗinke masa ido. Akwai 'yar fitila a goshinsa, da ita yake yi wa na sama magana."

Na juya abin na duba. Daidai wurin da na ninke na bi da layi biyu, nan ne. Ba almakashi a jikina, komawa ɗakina kuma sai na bi ta baranda, inda Manaja zai hango ni daga ƙasa. Allura ɗaya ce soke a gaban rigata. Na zare ta na fara tsintar ɗinkin ɗaya-ɗaya, ina ja da haƙori. Ranar na tsine wa iya aikina, don da ɗinkin wasu teloli ne da ja ɗaya ya isa. Mama ta ɗan buɗe taga ta tsaya, Baba yana faɗa mata tana isarwa ƙasa: wai ya taka mai, wai ya saki, wai ya ƙara takawa, bai ji sosai ba. Duk unguwa sai da ta san Manaja ya zo. Zaren ƙarshe yana tsinkewa na tura yadin baya, 'yar fitilar ta leƙo, na nuna sama na danna ramin rage lamba. Tit. Ban taɓa jin ƙara mai daɗin wannan ba.

Manaja ya hawo yana goge hannu da hankici. Mama ta rufe taga, ta karɓi rimot, ta lalubo babban ramin ta danna, esi ɗin ya ɗauke. Ta kunna, ta hau da shi ashirin da takwas, ta tsaya ta jira sai da injin waje ya kama. Baba ya ce "Ɗaya," ta danna. Haka har ashirin da biyar. Manaja ya miƙa hannu ya karɓi abin, ya juya shi gaba da baya, ya shafa ƙulle-ƙullen, ya kai kan zaren da ke reto a sama. Sannan ya kalle ni. Ashe akwai guntun baƙin zare manne a leɓena, ban sani ba. Ya mayar wa mahaifiyarsa rimot ɗin.

Da zai tafi ya ce in ɗan raka shi. A tsakiyar matakala ya tsaya ya jingina da bango, sai na ga mutumin da kullum yake a tsaye ƙyam ya yi laushi. Ya ce bel ɗin sabo ne, shekaranjiya aka canza, kuma Baba ya fi kowa sani. Na fara kame-kame, ya ɗaga mini hannu. Ya ce shi ba mugunta yake yi ba, tsoro yake ji. Kullum wayarsa ta yi ƙara sai ya ji kamar an zare masa laka, gani yake in tsohon yana gabansa ba abin da zai same shi. Sannan ya yi 'yar dariya.

"Wanda har yanzu yake iya aikena aiken ƙarya don ya rufa wa matarsa asiri, ai ba ni da hurumin fitar da shi daga ɗakinsa."

Ya ba ni lambarsa ta gida da ta ofis, ya ce ko tari Baba ya yi wanda ban gane masa ba in kira. Na koma na gaya musu. Mama ta fashe da kuka, Baba ya ce Kwandasta ta daina jiƙa wa fasinja kujera, ta kawo shayi. Da yamma na gyara saman rigar, na yi wa fitilar rami na bi bakinsa da zare.

Mako biyar Baba ya ƙara a ɗakin, kuma zan iya cewa ban taɓa ganin jinya mai daɗin zama irin wannan ba. Ɗakin ya zama majalisa. Tsofaffin abokan aikinsa suna zuwa bibbiyu, wai dubiya, amma kowa ya shigo sai ya cire hula ya zauna daidai inda iska take sauka, ba ya tashi sai an kawo abinci. Baba ya ce da can da yake cikin zafi ina suke? Dokarsa ɗaya ce, duk wanda ya shigo ya ja ƙofa, ba ya son a wahalar masa da inji. Rimot kuwa ba mai taɓawa sai Mama. Ta sa na ƙara masa igiya tana ratayawa a wuya, wanda duk ya ce a ƙara sanyi sai ta ce ya tambayi direba.

Ni ma na kwaso ɗinkin hannu na dawo can da zama, kalmasa da sa maɓallan riga, ina yi muna hira. Wata rana ya kasa kunne ya ce numfashinta ya yi nauyi, in hau kujera in ɗaga murfin gaba. Na hau ina mita, na zaro raga biyu sun yi butu-butu da ƙura. Na wanke su a famfo, na shanya a inuwa, na mayar. Iska ta dawo wasai, ya yi kwana biyu yana yi mini gori. Ranar da wuta ta ɗauke kusan awa biyu kuwa, ni da Mama muka jiƙa tawul muna yi masa fifita da murfin kwali, shi yana ba mu labarin ranar da tayarsa ta fashe a tsakiyar daji da fasinja sittin, wata tsohuwa ta ce ita ba za ta sauka ba sai an kai ta inda aka yi alkawari. Manaja yana zuwa kullum bayan an tashi aiki. Ya daina duba ɗaki, sai ya zauna a ƙasa ya ɗora ƙafafun mahaifinsa a cinya yana matsa masa.

A hankali labaran suka gajarce. Shayin da yake shanye kofi ya koma cokali uku. Barci ya yi yawa, magana ta koma kalma ɗaya-ɗaya. Muna gani, shi ma ya sani kuma ban ga alamar tsoro a tare da shi ba. Abu ɗaya ne bai taɓa bari ya wuce shi ba, tayar da mota ƙarfe tara.

Ranar Laraba ce. Na shigo da wani siket da zan yi wa kalmasa, na tarar Mama ta goge masa jiki ta sa masa farar riga, tana rufe tagogi. Ya buɗe ido ya kalle ni, ya ɗan motsa baki, na gane gaisuwa ce na amsa. Mama ta zauna a gefensa, hannu ɗaya a kan nasa, ɗaya riƙe da rimot. Ta kunna. Muka jira har injin waje ya kama.

"Ɗaya," ya ce, da ƙyar ake ji.

Ta danna. Na ci gaba da ɗinkina. Aka jima ya sake cewa, ta sake dannawa. Saura ɗaya a kai inda aka saba. Na yi kalmasa kusan taku guda ban ji komai ba, sai na ɗago. Mama tana zaune yadda take, hannunta a sama saitin esi ɗin, babban yatsanta a kan rami mai ƙulli biyu, tana jira. Na dubi ƙirjinsa na daɗe ina duba. Na ajiye siket ɗin na matso na taɓa wuyansa.

"Mama," na ce.

"Na sani," ta ce. "Tun ɗazu na ji a hannunsa. Na ce ko zai ƙarasa."

Ta sauke hannun a hankali. Ta shafa masa ido, ta yi masa addu'a, ni kuwa na kasa riƙe kaina, kuka ya ƙwace mini. Ita ta riƙa ba ni haƙuri, tana cewa ai ya samu abin da yake so, me ya rage? Na fita baranda na kira Manaja. Ƙara ɗaya ya ɗauka, kafin in yi magana ya ce ga shi nan zuwa.

Ya hawo matakala bibbiyu, gumi ya jiƙa masa riga. Ya durƙusa gaban gadon ya kifa goshinsa a kan hannun mahaifinsa, kafaɗunsa suna rawa, ya daɗe a haka. Da ya ɗago ya dubi bango, ya dubi tsohuwar durowa, ya dubi ƙofa, kamar yau ya fara shiga ɗakin. Ya ce da mahaifiyarsa gara da bai ɗauke shi ba. Ta ɗora hannu a kansa. Wani daga cikin mutanen da suka fara taruwa ya ce a kashe esi tunda ana ta shige da fice. Mama ta ce a bari, ba za a kashe ba sai ya fita.

Da azahar suka fitar da shi ta ƙofarsa, suka sauka da shi matakalar a hankali, 'ya'yansa a gaba. Mata suka koma baranda da ɗakina, don wuri ya yi kaɗan. Na leƙa in kira Mama ta zo ta sa wani abu a cikinta, na same ta ita kaɗai a tsakiyar ɗaki. Ta ɗaga rimot ta danna. Iskar ta ɗauke, ɗan marfin da ke bakin esi ɗin ya riƙa komawa sama sannu a hankali har ya rufe. Ta cire igiyar daga wuyanta ta ajiye a kan durowa. Sannan ta zagaya gadon ta zauna a ɓangarenta, can jikin bango, ta bar nasa ɓangaren yadda yake, da ramin kansa a jikin filo.